Akwatin Sarkin Tasha

Wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari a shekarun da daji ya yi zafi ya san darajar hantsi. Daga Buruku zuwa Udawa, daga nan har a shiga gari, babu direban da ke son la'asar ta riske shi a tsakiyar kurmi. Motoci kan jeru su jira rakiyar jami'an tsaro, kuma wanda ayari ya tashi ya bari, ko dai ya kwana da kayansa, ko ya sai da rai ya bi hanya shi kaɗai. A cikin wannan zamani zan ajiye labarina, a wata tasha ta ƙasar Birnin Gwari. Ba zan kira sunan gari ba, ba kuma zan kira sunan mutum ba.

A bakin tashar, ƙarƙashin wani mangwaro, akwai tsoho mai faci. Kayan aikinsa ba su da yawa: injin iska, bahon ruwa, ƙarafan kwance taya, da wani tsohon geji da yake ratayawa a wuya. Ɗabi'arsa ce duk motar da ta gama lodi sai ya zagaya ta, ko an kira shi ko ba a kira shi ba.

Wata safiya ana kaka, aka yi wa Kantar wani Alhaji lodin masara har ta yi tozo, mutane kuma suka hau kan buhuna. Tsoho ya durƙusa a ƙafar baya ta hagu, inda tayoyi biyu ke haɗe, ya sa geji a ta ciki, ya girgiza kai.

"Alhaji, ta ciki ba ta da iska. Ta waje ce kaɗai ke ɗauke da nauyin su biyu. A ba ni rabin awa in kwance ta."

Alhaji ya dubi hanya, ya ga motocin gaba sun fara motsi.

"Baba, ayari zai tashi. In ya bar mu, wa zai raka mu? A bari mu isa Kaduna a duba."

Alhaji ba mugu ba ne. Tsoron da ke ransa tsoron gaske ne, kuma kowa a tashar ya san abin da ake gudu. Direban kuwa yana can wurin mai shayi, bai ji wannan magana ba, ba kuma wanda ya kai masa ita. Ya zo ya kama sitiyari, ya yi bisimilla, suka tafi. A wata gangara tayar waje ta yi bindiga, mota ta kwanta, buhuna suka danne mutane. Kafin azahar aka dawo da gawawwaki, har da ta karen motar, yaron da ko gemu bai fara ba.

Sarkin tasha ya yi abin da ake tsammani daga shugaba. Bayan sadakar uku ya kafa kwamiti: magatakarda, da wani tsohon direba, da limamin tasha. Mutanen nan sun yi aiki tsakani da Allah. Sun tambayi mai faci, sun tambayi Alhaji, sun je gangarar sun ɗauko ɓawon tayar, suka rubuta abin da ya faru daki-daki, suka ƙare da shawarwari. Ranar miƙa takarda aka tara jama'a. Sarkin tasha ya karɓa da hannu biyu, ya yaba wa kwamiti, ya yi alkawarin za a duba. Daga nan ya shiga ofis ya sa ta a akwatin ƙarfe, ya datse kwaɗo, ya jefa mabuɗi a aljihu. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Ƙaddara ce. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu." Jama'a su ce amin, a watse.

Ana nan sai ɗan ƙanwar mai faci ya zo hutu daga Zariya, inda yake koyon gyaran jirgi a kwalejin sufurin jiragen sama, wadda aka kafa tun 1964. Kullum da yamma yakan zauna a benci kusa da kawunsa da tarin takardu yana ja musu layi da biro.

"Kai kuwa me kake ta karantawa haka?"

"Rahotannin jiragen da suka faɗi ne, Kawu."

"Subhanallahi. An tura ka koyon abin da ke tashi, ka ɓuge da karatun faɗuwa?"

"Malamanmu sun ce wanda bai san yadda aka faɗi ba, bai isa a ba shi sifana ba. Kawu, bari in ba ku labarin wannan, don aikinku ne."

Ya gyara zama. Ya ce ranar 11 ga Yuli, 1991, wani jirgi ƙirar DC-8 na kamfanin Nationair na ƙasar Kanada, wanda ke jigilar alhazai da sunan Nigeria Airways, ya shirya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato da mutum 261. Tun kwanaki kafin wannan rana makanikai sun ga iskar wasu tayoyinsa ta yi ƙasa. An so canza su, aka fasa saboda jigila ta makara, har aka gyara lambobin da ke takardar aiki don su nuna komai lafiya. Ana dab da tashi babban makanike ya nemi iskar naitirojin da ake dura wa tayar jirgi, ba a samu a kusa ba, jami'in da ke kula da jigilar ya ƙi yarda a jinkirta. Matuƙin da zai ja jirgin ba a gaya masa ba.

Mai faci ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa.

Yaron ya ci gaba. Ya ce tayoyin jirgin a haɗe suke biyu-biyu. Da ɗaya ta yi laushi, sai 'yar'uwarta ta ɗauki nauyin, ta yi zafi tun ana gangarawa zuwa titin tashi. Da jirgi ya ɗauki gudu ta fashe, mai laushin ta bi ta, ƙarfe ya riƙa gogar kwalta har wuta ta kama. Jirgi ya ɗaga, matuƙa suka naɗe ƙafafunsa zuwa cikinsa kamar yadda aka saba, ba su san wuta suka shigar ba, domin babu na'urar da za ta sanar da su gobara a wannan gurbi. Wuta ta cinye bututun man da ke sarrafa jirgi, ta huda daɓen da fasinjoji ke kai. Sun juya za su koma, suka faɗi saura kusan kilomita 3 su kai titin sauka. Ko mutum ɗaya bai fita ba.

Tsoho ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Ta ciki ba iska, ta waje ta ɗauki nauyi. Wa ya ba ka wannan labari?"

"A rubuce yake, Kawu. Duk mai so yana iya nemansa ya karanta."

"Har da maganar wanda ya ce a tafi?"

"Har da ita."

"Kuma ba su ji kunyar duniya ta gani ba?"

Yaron ya ce ai ƙa'ida ce. Ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Chicago ta 1944, har da Najeriya, sun amince cewa binciken hatsarin jirgi manufarsa ɗaya ce, hana a maimaita. Neman mai laifi aikin kotu ne, kuma hanyarsa daban. Shi ya sa makanike da matuƙi da ma'aikacin hasumiya ke iya buɗe baki su faɗi gaskiya. Ana so rahoton farko ya fito cikin kwana 30, na ƙarshe kuma cikin wata 12 in da hali, a buga shi kowa ya gani. Ya ce a nan gida hukumar da ke wannan aiki ana kiranta AIB, daga 2022 ta koma NSIB, aka haɗa mata da jiragen ƙasa da na ruwa.

Kashegari yaran mota biyu suka zauna sauraro. Kafin mako ya zagayo benci ya kasa, ana shimfiɗa buhu a ƙasa. Yaron yana karanta Turanci a zuci, yana faɗa musu da Hausa. Ya ba su labarin jirgin ADC da ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato ranar 29 ga Oktoba, 2006, wanda ya yi sanadin rasuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo cikin mutum 96: hadari ya haɗo, an sanar da matuƙa halin da iska ke ciki, suka zaɓi tashi, iska ta juya musu suna ɗagawa, kuma ba su bi matakan da aka tsara na kuɓuta daga irin wannan iska ba. Ya ba su na jirgin Dana, 3 ga Yuni, 2012, wanda injinsa ɗaya ya fara ba da matsala minti 17 da barin Abuja, matuƙa suka ci gaba da nufin kaiwa Legas maimakon sauka a fili mafi kusa, na biyun ya mutu suna dab da isa, mutum 153 da ke ciki suka rasu, ban da waɗanda jirgin ya tarar a gidajensu a Iju-Ishaga. Wannan rahoto sai a 2017 ya fito, amma dai ya fito.

Wani tsohon direba ya ce, "Wato ko a sama ma, a bari mu isa ce ke kashe mutane."

"Ita ce, Baba. Kusan kowane rahoto na buɗe sai na tarar wani ya ga alama tun da wuri. Ko dai ya yi shiru don yana ƙarami, ko ya faɗa aka ce ana sauri."

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Bayan 'yan kwanaki wani matashin direba ya ƙi tayar da mota sai mai faci ya sa geji a kowace taya. Aka samu ɗaya da laushi, aka tsaya kwancewa, ayari ya tafi ya bar su, mai kaya ya yi ta faɗa. 'Yan kamasho suka kai ƙara. Sarkin tasha ya ci direban tara don ya ɓata layi, sannan ya aika a kira ɗalibin.

Yaron ya cire takalmi a ƙofa, ya durƙusa ya yi gaisuwa.

"Yaro, an ce kai ne ke tsorata mini direbobi da labarin jirgi. Mu nan mota muke ja."

"Ranka ya daɗe, ba tsoro nake ba su ba. Ina ma a ce labarin gida nake karanta musu. An ce akwai takarda a akwatin nan kan motar masarar da ta faɗi. Da za a fito da ita a karanta, da ba su buƙaci tawa ba."

Sarkin tasha ya dafa akwatin. "Wannan sirrin tasha ne. In na karanta, Alhaji ya ji kunya, iyalan mamata su taso, fasinja su koma wata tasha. Rufin asiri ai ibada ne. Kuma kai da ka san jirgi, gaya mini: wanda ya faɗi da babban hafsan soja a Kaduna, ka ga takardarsa?"

Yaron ya sunkuyar da kai. Ya san zancen sarai. Ranar Juma'a, 21 ga Mayu, 2021, jirgin sojan sama ƙirar King Air 350 ya faɗi kusa da filin jirgin saman Kaduna, wanda mahaɗarsa ke kan wannan hanya tamu, ya hallaka Laftanar Janar Ibrahim Attahiru da mutum 10. An gayyaci AIB ta yi bincike, ta miƙa rahoton wucin gadi ga rundunar sojan sama a watan Satumba na shekarar. Jama'a sun ga hoton miƙawa, ba a ba su abin da ke ciki ba. Jirgin soja ba ya ƙarƙashin waccan ƙa'ida ta jiragen farar hula, saboda haka babu dokar da aka karya.

"Ranka ya daɗe, ban gani ba."

"To ka gani. In manya suka rufe tasu, ni wane ne da zan buɗe tawa? Tashi ka tafi."

Hutu ya ƙare, yaro ya koma Zariya. Zaman mangwaro ya watse, domin wanda aka ci tara saboda geji ya zama abin misali, ba kuma irin misalin da ake so a bi ba. Mai faci ya ci gaba da zagaya motoci. Wani ya saurare shi, wani ya ce tsufa ne.

Damina ta wuce, wata kaka ta zo, wata mota ta kwanta a wata gangara. Aka kafa kwamiti, aka rubuta, aka miƙa, aka yi addu'a, kwaɗo ya datsu. Bayan ta kuma aka yi ta uku, wadda ta tafi da direbanta, magidanci mai 'ya'ya ƙanana. Ita ma takardarta ta bi 'yan'uwanta.

A ƙarshen Nuwamba na 2024 aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe, hanya ta fara samun sauƙi, manyan motoci suka dawo. A tashar labarinmu ma aka yi sabon shugabanci. Ranar miƙa ragama tsohon sarkin tasha ya ba da hatimi da littafin kuɗi, ya haɗa da mabuɗi. Sabon ya sa aka fito da akwatin tsakar tasha, ya ce magatakarda ya karanta duk abin da ke ciki da ƙarfi.

Takardu uku ne, hannun mutum uku daban-daban. Gara ta ci gefen ta farko, amma ana iya karantawa. Ta ce tayar ciki ba iska, lodi ya wuce kima, ana saurin riskar ayari, ba a gaya wa direba ba. Ta ba da shawara kada mota ta bar tasha sai an auna tayoyinta a gaban direbanta. Magatakarda ya ɗauki ta biyu. Da ya kai tsakiya sai muryarsa ta sauya, domin maganar ɗaya ce, shawarar ma ɗaya. Ta ukun bai iya ƙarasa ta ba, liman ya karɓa.

A bayan taro akwai wata mata da ta fita takaba ba da daɗewa ba, da goyo a bayanta. Ta matso ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ina da tambaya. Ta farkon nan, yaushe aka rubuta ta?"

Aka gaya mata.

Ta yi lissafi da yatsu. "Lokacin maigidana yana karen mota, ko sitiyari ba a fara ba shi ba. Mutum ne mai jin magana. Da an karanta masa, da ya ji."

Ba ta zagi kowa ba. Ta gyara goyonta ta koma inda take.

Tsohon sarkin tasha yana zaune a gefe, hularsa a gwiwa. Ya ce, "Wallahi ban ci kobon kowa a kan takardun nan ba. Na ɗauka asiri nake rufawa."

Mai faci ya ce, "Na yarda, ranka ya daɗe. Amma asirin wa aka rufa? Alhaji kunyar kwana biyu zai ji, ya warke. Waɗannan kuwa ƙasa muka rufa musu."

Daga ranar aka kafa doka a tashar. Mota ba ta fita sai an sa geji, direba na tsaye yana gani. In mai faci ya ce a tsaya, an tsaya, ko motar wa ce. Wanda ya ga alama ya faɗa ba a cin sa tara, ko da daga baya ta bayyana ba komai. Kuma kowace Juma'a bayan an sauko, a karanta takarda ɗaya ga sababbin yaran mota, ba tare da an kira sunan wanda ya yi kuskure ba.

Iyakar labarin ke nan, sai 'yar magana tawa.

Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, kuma ba mai tsallake kwanansa. Sai dai imanin nan bai taɓa hana mu tambayar yadda abu ya faru ba. Alhazan Jidda kwanansu ne ya ƙare, haka mutum 176 da suka rasu a Kano a jirgin da ya dawo da alhazai daga aikin hajji ranar 22 ga Janairu, 1973. Duk da haka wanda ya zauna ya bi sawun abin da ya faru, ya rubuta, ya bar wa na baya, ya yi aikin lada. Yau duk ɗalibin gyaran jirgi da ya karanta rahoton 1991 ba zai ƙara raina iskar taya ba. Amfanin rahoto ke nan, kuma ba ya samuwa sai an karanta shi.

Mu a wannan yanki mun san ƙarar jirgi a kan kurmi. Muna sane da jirgin yaƙin da 'yan bindiga suka harbo a tsakanin Zamfara da Kaduna ranar 18 ga Yuli, 2021, wanda matuƙinsa Abayomi Dairo ya yi tsalle da lema ya tsira. Mun san akwai abin da soja ba zai faɗa ba don kada maƙiyi ya ji, kuma ba mu nemi a faɗa mana shi ba. Amma hadari da iska ba sirrin yaƙi ba ne. Gajiyar ma'aikaci, da kayan gyaran da ba a saya ba, da gargaɗin da aka yi aka ƙi ji, babu ɗaya a cikinsu da zai amfani maƙiyi in an bayyana shi. Wanda zai amfana shi ne matashin da zai zauna a kujerar gobe.

Kuma ba jirgi kaɗai ba. Kwale-kwale ya kife da 'yan kasuwa, an kafa kwamiti. Kasuwa ta ƙone, an kafa kwamiti. Gini ya rufta, tankar mai ta kama da wuta a tsakiyar jama'a, wuta ta sauko daga sama a kan masu taron Mauludi, duk an kafa. Mun ga ranar rantsarwa, mun ga ranar miƙawa. Ranar karantawa muke jira. Ƙananan shugabanni kuma suna kallon manya, abin da suka ga an yi shi suke yi.

Rahotannin da aka riga aka buga ma suna da nasu kwaɗon, domin da Turancin injiniyoyi aka rubuta su. Ɗalibanmu na Zariya da malamansu, da ma'aikatan gidajen rediyon Kaduna da Kano da Sakkwato, za su iya ɗaukar ɗaya-ɗaya su mayar da su Hausa, su karanta wa direba da matuƙin kwale-kwale da ma'aikaciyar jinya. Darasin ɗaya ne ko a sama ko a ƙasa: a saurari ƙarami in ya ga alama, a gaya wa mai tuƙi gaskiyar abin da zai tuƙa, kada sauri ya yanke hukunci.

Wanda ke da mabuɗi a aljihu ya ji ni. Ban kira sunansa ba don ba kunyarsa nake nema ba. Abin da nake roƙo shi ne ya buɗe, ya cire abin da tsaro ya hana in akwai, ya karanta sauran a bainar jama'a, da harshen da matar direba za ta gane, tun mijinta yana da rai.